Injin tsohuwar akori-kura ya gaji: a ɗaure shi, a sa irinsa, ko a sauya shi har da giya?

Ranar da bakanikena ya zaro sandar awon baƙin mai daga injin motata, ya ɗaga ta muka ga man ya koma kalar shayi da madara, bai yi dogon bayani ba. Goge hannu ya yi da tsumma, ya ce, "Alhaji, sai dai mu zauna." Muka zauna a kan benci ƙarƙashin dalbejiya, kuma kafin ruwan da na aika a sayo ya iso, mutum huɗu sun ba ni shawara huɗu. Wani ya ce a sauke injin a ɗaure, wato a buɗe shi a sabunta kayan cikinsa. Wani ya ce ɗauri ɓarnar kuɗi ne, a sayo ɗan Beljiyam irinsa a ɗora. Mai gyaran wayar mota ya ce in dai kuɗi za a kashe, to a sa wani injin Toyota mai suna 3RZ a huta. Wani direba da ke jiran a gama masa birki ya ce duk shirme muke yi, akori-kura ba ta da inji sai na dizal.

Motar Hilux ce ƙirar 1994, mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, da injin fetur 22R mai kafireta. Laifin kuma nawa ne. Na yi wata da watanni ina jin sarƙar taimin tana kaɗawa in an tayar da safe, ina cewa gobe. A wannan inji, idan robar da ke riƙe sarƙar ta karye, sarƙar kan dinga gogar murfin gaba har ta huda shi daidai inda ruwa ke bi, sai ruwan lagireto ya gangara cikin baƙin mai. Abin da ya same ni ke nan.

Na yi makonni ina auna shawarwarin nan huɗu kafin in fitar da ko sisi. Abin da zan faɗa ya shafi Hilux na tsakanin 1988 da 2004, masu injin fetur 22R da 4Y da masu dizal 2L da 3L, don su ne suka cika garejojinmu, amma lissafin ɗaya ne ko wace akori-kura gare ka.

Kafin a yi maganar inji ma, a shiga ƙarƙashin motar da guduma da tocila. A ƙwanƙwasa cesis tun daga gaba har baya, musamman wurin da sifirin na baya ya rataya da kuma bayan kan mota, inda lodin da ya wuce ƙima yake tsaga ƙarfe. Motar da ta yi rayuwarta a Arewa ba ta cika tsatsa ba, amma wadda ta taka gishirin titunan Turai kafin ta zo, ko ta daɗe tana dakon takin zamani ko shanu, za ka iya samun cesis ɗinta ya zama kamar wainar da ta ƙone. In haka ne, kada ka sa mata sabon inji. Sayar da ita a yadda take.

Ɗaure wanda ke ciki

Mutane da yawa sun tsani ɗaurin inji ne saboda abin da aka yi musu da sunan ɗauri ba ɗauri ba ne. An buɗe, an sa sabon rin na fistin da metal na kirankishaf, an shafa gam an rufe, bayan wata uku hayaƙi ya dawo. Ɗauri na gaskiya sai an kai bulok wurin masu injin gyaran ƙarfe an auna ramukan silinda, in sun ci a faɗaɗa su a sa fistin mai ƙarin 0.50 ko 1.00 na milimita. A auna kirankishaf, in ya yi zane a goge shi a sa metal daidai da gugar. A gwada kan silinda ko ya tsage ko ya lanƙwashe. Sannan sabon famfon baƙin mai, sabuwar sarƙa da robobinta, da gaskit mai kyau.

Amfaninsa babba ne. Ka san abin da ke cikin injinka domin da idonka ka ga an sa. Lambar inji ba ta canza ba, don haka takardunka suna nan daram. Kujerun inji, salansa, waya, giya, babu wanda za a taɓa. Kuma 22R inji ne da ya cancanci a wahala a kansa: silinda huɗu, cc 2,366, bulok na baƙin ƙarfe, ba shi da kwamfuta, duk bakaniken da ya kai shekara goma a sana'a ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa.

Rauninsa kuwa shi ne aikin yana bi ta hannu uku, mai sayar da kaya da mai injin gyaran ƙarfe da bakanike, kuma in ɗaya ya yi ha'inci ko ganganci, sauran biyun sun yi aikin banza. Jabun fistin da jabun gaskit sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu ma ya fi na gaskiyar kyau. Akwai kuma ƙura. Injin da aka haɗa a ƙasa, a fili, cikin hunturu, ya sha yashi tun kafin ya sha mai. Ka tambayi bakanikenka ko yana da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Kusoshin kan silinda na 22R ana ɗaure su ne a kan awo, Nm 79, bi da bi daga tsakiya zuwa gefe. In ya ce maka hannunsa ya san awo, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Ɗauri ba ya yiwuwa in bulok ya tsage, ko sandar fistin ta ɓallo ta huda gefe, ko an riga an goge kirankishaf har ya kai ƙarshen awonsa. A nan sai zaɓi na biyu.

Sayo irinsa

Wannan ya fi kowanne sauri. In an dace, kwana biyu zuwa uku mota ta koma bakin aiki, kuma ga wanda da ita yake ci da iyali, kowace rana a gareji asara ce. Ana samun injinan a Kofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas ga mai iya tafiya ko mai amintaccen ɗan aike.

Sai dai a tuna abu guda. An daina ƙera 22R tun a shekarun 1990, wato mafi ƙuruciyarsu ya haura shekara 25. Kalmar "ɗan Beljiyam" tana sa mutum ya ji kamar sabon abu zai saya, alhali tsoho ne ɗan'uwan tsohonka, illa dai ba ka san tarihinsa ba. Wani ma bai taɓa ganin jirgin ruwa ba, a nan ya gama aikinsa, aka wanke shi da fetur aka fesa masa fenti. Sabon fenti a jikin tsohon inji, da jan gam da ya tsattsafo ta gefen murfi, da kusoshin da bakinsu ya cinye, duk suna gaya maka an taɓa buɗe shi.

Kada ka yarda da cinikin biri a sama. A tayar maka da shi a ƙasa, kuma ka fara dafa shi ka tabbatar da sanyinsa, domin injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A buɗe murfin zuba mai a leƙa ciki. A kwance fulogi huɗun a jera su a duba kalarsu. In da hali a sa ma'aunin matsi: lafiyayyen 22R yana ba da wajen psi 170, ƙasa da 140 ya gaji, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 14. A rubuta maka lambar injin a rasit, da kwanakin da za ka iya mayarwa in ya ƙi. Wani abin da ke kama mutane: 22R na kafin 1985 da na bayanta ba tsayinsu ɗaya ba, kan silinda da sarƙa da murfin gaba ba sa shiga na juna. In kana shirin cire kaya daga tsohon injinka ka sa wa wanda ka sayo, ka tabbatar 'yan zamani ɗaya ne.

Ni a ganina, duk wanda ya sayi irin wannan inji ya sa kuɗin sabuwar sarƙa, da famfon ruwa, da sil na gaba da na baya, da faifan kuloci a cikin lissafinsa tun farko. Sauya su yana da sauƙi inji na ƙasa. In an ɗora, sai an sake biyan kuɗin aiki.

3RZ: ƙarfi na gaske, da wayoyi na gaske

Mai gyaran waya bai yi ƙarya ba. 3RZ-FE shi ne injin da Toyota ta kawo a 1994 ya gaji 22R, kuma ya fi shi ta kusan kowace fuska. Girmansa cc 2,693, bawul 16, ƙarfin doki 150, ƙarfin juyi Nm 240. 22R mai kafireta da ƙyar yake haura doki 100. Wannan bambanci ba a takarda kaɗai yake ba. Ka ɗauko buhu goma sha biyar na masara ka nufi hawan Jos, a nan za ka san an yi canji. Shi ma sarƙa gare shi ba bel ba, yana tashi da bugu ɗaya ko da sanyin asuba, kuma duk da ya fi girma, ba lallai ya fi tsohuwar kafiretarka shan mai ba. An sa shi a Hilux da Hiace da Prado da Tacoma, don haka kayansa ba sa wuya.

To amma ba a ɗaga shi kawai a ajiye inda aka cire 22R. Na farko, gefensu a juye yake. A 22R salansa tana fita ta hagu, wato ɓangaren direba a motocinmu, shan iska kuma ta dama. A 3RZ akasin haka ne. Ke nan sai an sake bin hanyar salansa, an matsar da tukunyar iska, wani lokaci har da batir, an kuma kare bututun mai da na birki daga zafin da a da ba ya bi ta wurinsu. Kujerun inji sai mai walda ya gyara. Kaskon baƙin mai na ƙasa yana iya karo da aksil na gaba ko sandar sitiyari, musamman in injin daga Hiace ya fito, inda aka tsara shi don zama ƙarƙashin kujera.

Na biyu, mai. Kafireta tana aiki da ɗan famfon da ke turo mai a hankali. Injekta tana son matsi wajen psi 40, kusan ninki goma. Dole a sa famfon lantarki, da tiyo mai jure matsi, da matata irin tasa, da hanyar da ragowar mai zai koma tanki. Tiyon kafireta da aka ɗaure da waya a kan layin injekta gobara ce ke jiran ranarta.

Na uku shi ne inda yawancin ayyukan nan suke mutuwa: kwamfutar inji da damin wayoyinta. Masu yanka mota a waje sukan datse wayoyin da almakashi don sauri, sai a kawo maka inji da guntayen wayoyi suna reto. Mai sayarwa zai ce, "Ba komai, Alhaji, mai waya zai haɗa." Da komai. Na farkon 3RZ suna da distributa, na baya koyil gare su, kuma kwamfutar wannan ba ta tuƙa wancan. In kuma mai makullin tsaro ne, sai an haɗo da makullin da na'urar da ke karanta shi. Shi ya sa in za ka bi wannan hanya, ka sayi rabin mota, wato gaban da aka yanko ɗungurungum: inji, giya, kwamfuta, wayoyi ba a datse ba, na'urar awon iska, lagireto, har fedar totur in ta samu. Ya fi tsada a ranar saye, amma ya fi araha a ƙarshen wata.

Wasu in wayoyin sun gagare su sai su cire injekta su ƙera wa injin mazaunin kafireta. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya. Amma ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya ragu, shan mai ya ƙaru, an sayar da kare an sayi biri. In kafireta kake so don ƙauye kake aiki, to ka zauna a kan 22R ɗinka tun farko.

Akwai wani dalili da ya ƙara wa injin fetur daraja tun bayan 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai a Najeriya. Injin fetur, 22R ne ko 3RZ, ana iya sa masa tukunyar iskar gas ta CNG ba tare da an taɓa cikinsa ba. Ga mai zirga-zirga tsakanin manyan garuruwan da ke da gidan sayar da iskar, wannan abin dubawa ne, duk da tukunyar tana cin wuri a bayan mota tana kuma rage lodin da za a ɗauka.

Dizal

Direban nan ma yana da hujjarsa. 3L mai cc 2,779 da 5L mai cc 2,986 injina ne masu haƙuri. Ƙarfin dokinsu bai taka kara ya karya ba, 3L wajen 90 ne kawai, amma ƙarfin jansu yana zuwa tun inji bai ɗaga murya ba, wajen juyi 2,400 a minti. A cikin yashi, ko laka, ko hanyar gona da lodi, wannan shi ne abin da ake nema. 3L da 5L na asali famfon nozul ɗinsu na ƙarfe ne zalla, waya ɗaya ce ke kashe shi. 

In motarka dama ta dizal ce, mai 2L, to sauyawa zuwa 3L ko 5L shi ne canji mafi sauƙi a duk wannan bayani. 'Yan gida ɗaya ne, mazauninsu da bakin giyarsu sun yi daidai, abin da za a gyara kaɗan ne. Wannan ko shawara ba na tsayawa yi.

Amma daga fetur zuwa dizal wata duniya ce. A sauke tanki a wanke, a cire abin da ba na dizal ba, a ja layin komawar mai, a sa matata mai raba ruwa da mai. A haɗa wayar hita, domin waɗannan injina ba sa tashi da sanyi sai an ɗumama su. A sa babban batir. Birki ma sai an kula: injin fetur da kansa yake samar da zuƙar iskar da ke taimaka wa birki, dizal kuwa sai da ɗan famfo na musamman da ke manne a bayan altaneta. In aka kawo maka inji da altanetar da ba ta da shi, fedar birki za ta zama dutse. Injin ya fi nauyi, don haka gaban mota zai sunkuya in ba a ƙarfafa sifirin ba. Ƙwaryar giya ta 22R, wato bakin da ke haɗa giya da inji, ba ta kama shi. Sannan bel gare shi ba sarƙa ba, ana sauya shi duk kilomita 100,000, kuma in ya tsinke fistin da bawul ne za su gaisa. Injin da ba ka san tarihinsa ba, sabon bel kafin a tayar.

Duk wannan wahala don a rage kuɗin mai ne, to mu yi lissafi. Mu ɗauka motarka tana shan lita 13 ta fetur a kilomita 100, ta dizal kuma za ta sha 10. Ka rage lita 3. Amma in litar dizal ta fi ta fetur tsada da kashi 30 cikin 100, lita 10 ɗin nan kuɗin lita 13 ne cif. Ba ka rage ko kwabo ba, ga kuɗin juyin da ka kashe, ga gyaran nozul da famfo da ya fi gyaran kafireta tsada nesa ba kusa ba. A Najeriya an daɗe dizal yana gaban fetur a farashi. Ka je gidan man da kake sha, ka duba allon, ka sa naka alƙaluman. A inda farashin biyun ya yi kusa, kuma motar tana cin dogon zango kullum, kwalliya tana iya biyan kuɗin sabulu. Ga mai kai kaya kasuwar ƙauye sau biyu a mako, ba za ta biya ba.

Za a yi maka tallan 1KZ-TE, mai turbo, cc 2,982, doki wajen 130. Daɗin tuƙi kam ba a magana. Sai dai ya haɗa wahalar dizal da wahalar kwamfuta wuri guda, kuma kan silindarsa na alminiyam an san shi da tsagewa in ya ɗau zafi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, da tsohuwar lagireto, da al'adarmu ta cire tamostat a zuba ruwan rijiya, wannan kasada ce.

Giya da aksil, inda ake yawan mantawa

Mutum zai yi wata yana zaɓen inji, giya kuwa ya ce "a haɗa da wadda ke ciki". Alhali ita ce ke yanke hukuncin ko motar za ta yi daɗi ko za ta zama azaba.

Tsofaffin Hilux suna da gida uku na giyar hannu. 'Yan gidan G, irin su G52 da G58, su ne masu sauƙin ƙarfi, an yi su don 22R mai kafireta da ƙananan dizal. 'Yan gidan W, irin su W56 da W59, sun fi su ƙwari. 'Yan gidan R, wato R150F da R151F, su ne manya, na injin turbo da V6. Sunan taka yana rubuce a ƙaramin farantin ƙarfe da ke cikin bonet. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: in ka ƙara ƙarfin inji da rabi, ka bar tsohuwar G da ta riga ta yi shekara 30 tana aiki, to ka fara tara kuɗin wata. Giya ta biyar ce kan fara kuka, musamman ga masu jan lodi a cikinta.

Sayen inji da giyarsa tare yana kashe matsalar ƙwarya, da fulawil, da kuloci, da kik, domin tare aka haife su. Amma yana buɗe wasu. Tsayin giyar zai iya bambanta, sai an yanke farfela ɗaya an ƙara wa ɗaya, kuma farfelar da aka yi wa walda ba a daidaita ta ba za ta dinga girgiza motar tana cin sil. Gadar da ke riƙe giya za ta matsa. Sandar giya za ta iya fitowa inda babu rami. Tsohuwar mota da igiya take juya agogon gudu, sabuwar giya kuma wataƙila na'urar lantarki gare ta.

Ga masu fowil akwai tarko na musamman. A tsohuwar Hilux farfelar gaba ta dama take fita daga giyar taimako, wato wadda ke raba juyi tsakanin tayoyin gaba da na baya. A Tacoma ta Amurka, wadda ita ma ake samun 3RZ daga jikinta, ta hagu take fita. Ka sayo wannan giya da ta taimakonta, ka zo ka tarar farfela tana duban gabas aksil yana yamma. Haƙoran sandar da ke haɗa giya da ta taimako ma ba ɗaya ba ne, W56 tana da 21, R151F tana da 23. Mafitar da aka fi bi ga mai W56 ita ce a bar giyarsa a inda take, a ɗauko ƙwarya da fulawil da kuloci na 3RZ a ɗaura mata. Farfela ba ta motsa ba, fowil bai taɓu ba.

Sai aksil. A cikinsa akwai awon da ke faɗin sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. A Hilux za ka samu 4.10, 4.30, 4.56 ko 4.88. Gano naka ba wuya: a ɗaga tayar baya ɗaya, a yi wa farfela alama da alli, a juya tayar sau biyu cif, a ƙirga juyin farfela. Ga amfanin sanin. Da taya 205R16 a gudun kilomita 100, aksil mai 4.88 da giya ta biyar zai sa inji juyi kusan 3,000 a minti. Mai 4.30 zai sauko da shi wajen 2,600. In giyarka mai huɗu ce da 4.88, kana wajen 3,500. Injin fetur zai jure wannan. 3L kuwa, da ƙarshen ƙarfinsa yake a 4,000, zai yi ta ihu daga Kano har Zariya yana shan man da ka sa shi don ya rage. In kuma awon aksil ya yi ƙasa da yawa, ƙaramin inji ba zai iya tashi da lodi ba sai an ƙona kuloci. Mai fowil ya tuna awon gaba da na baya dole su zama ɗaya, in za a canza sai dai a canza biyun.

Giyar otomatik ba zan daɗe a kanta ba. Tana da daɗi a cunkoson gari, amma lodi da zafi su ne ajalinta sai an sa mata lagireton mai na daban, kuma ranar da batir ya mutu a daji ba mai tura ta ta tashi. Haka V8 na Lexus, 1UZ-FE mai cc 3,968 da doki 250, da samari ke gani a bidiyon Afirka ta Kudu da Ostareliya. Yana shiga, amma sai an sake giya, da lagireto, da birki, kuma abin da zai fito motar wasa ce, ba ta neman abinci ba. Masu Fijo 504 akori-kura, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, da ake ba su shawarar ɗora injin wani kamfani a kan giyarsu da farantin da aka yanka a wurin mai walda, su sani in tsakiyar inji da ta giya suka saɓa ko da kaurin 'yan takardu ne, kuloci da boris za su yi ta mutuwa ba a san dalili ba. Inji da giya na gida ɗaya ya fi.

To wa zai ɗauki wanne? Mai aikin ƙauye, nesa da mai gyaran waya na kirki, da bulok mai rai: ya ɗaure nasa. Wanda nasa ya fashe kuma kwana uku a gareji ma yawa ne gare shi: ya sayo irinsa, ya gwada kafin ya biya. Mai dogon zango a kwalta da lodi mai nauyi, wanda ke zaune a babban gari, kuma cesis ɗinsa garau: 3RZ, rabin mota, kuma ya ga aikin da mai wayar ya taɓa yi da idonsa kafin ya ba shi. Mai 2L ya hau 3L ko 5L. Mai fetur da zuciyarsa ta nace sai dizal, ya fi masa sauƙi ya sayar da tasa ya sayi wadda aka haifa da dizal. Kowanne ka zaɓa in dai ba ɗauri ba ne, lambar inji ta canza, don haka ka riƙe rasit ka je ofishin lasin a gyara takardu kafin wani shingen hanya ya tuna maka. Kuma ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a gefe, domin tiyo da kusoshi da walda da "Alhaji, an samu 'yar matsala" ba sa cikin farashin da ake faɗa ranar farko.

Nawa da aka buɗe, ruwan bai daɗe a ciki ba. Kirankishaf ya sha guga ta farko, ramuka suka karɓi fistin mai ƙarin 0.50, kan silinda ya tsallake gwaji. Muka sayi sabon murfin gaba, na kuma sa aka haɗa injin a cikin ɗaki a kan tebur, ba a tsakar gareji ba. Tunda giya tana ƙasa, aka buɗe ta aka sauya boris da zoben giya ta biyu da ya daɗe yana gurnani. Kilomita 1,000 na farko ban ɗora mata fiye da rabin lodi ba, sannan aka zubar da mai aka sake saita bawul da zafinsa, milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. A hawa har yanzu sai na sauko giya ta uku, masu 3RZ suna wuce ni suna ɗaga hannu. Direban nan kuwa, duk ranar da muka haɗu a gareji, sai ya leƙa bonet ɗina ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, har yanzu ba ka tuba ba?"